Me Ya Sa Taransifoma Ke Gurnani Idan An Kawo Wuta?

Taransifoma na'ura ce da ke sauke ƙarfin wutar lantarki ko ta ɗaga shi. A tashar Funtua ana sauke wuta daga bolt 132,000 zuwa 33,000. Ƙananan taransifomomin unguwa, irin na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, su ne ke ƙara sauke ta zuwa kimanin bolt 230 da gida zai iya ɗauka. A cikin tankin taransifoma akwai siraran faranta na ƙarfe da aka jera aka naɗe da waya, duk a nutse cikin mai.

Wutar Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kowane juyi kuma yana mai da ƙarfen nan maganaɗisu. Sai dai ƙarfe yana da riƙo. In aka ɗauke wuta, ba ya sakin maganaɗisun duka, kamar dai allurar da aka goga a maganaɗisun tsohuwar rediyo, wadda takan ci gaba da ɗaukar 'yan'uwanta. James Ewing, masani ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna histerisis a shekarun 1880.

Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka maido wuta. Idan sabon maganaɗisu ya zo ta fuska ɗaya da ragowar da ke maƙale, sai su haɗu su fi ƙarfin ƙarfen, kamar a ƙara ruwa a cikakkiyar randa. Nan take taransifoma za ta zuƙi wuta da kan kai ninki 8 zuwa 12 na abin da aka ƙera ta don ɗauka, ko da babu ƙwan lantarki ɗaya a kunne. Wannan zuƙar ce ke sa gurnani mai ƙarfi, tana girgiza naɗin waya, wani lokaci ta ƙona fiyus, kafin ta lafa cikin daƙiƙa ɗaya ko 'yan daƙiƙu.

Da yake gwaji a kan taransifoma ta gaske yana da tsada da haɗari, injiniyoyi sukan kwaikwayi lamarin a kwamfuta. Suna amfani da lissafin Preisach na 1935, ko na Jiles da Atherton na shekarun 1980, a manhaja irin EMTP. Sukan shigar da girman ragowar maganaɗisu da lokacin da aka jona wuta, kwamfuta ta nuna iyakar zuƙar. Da wannan sakamako ake zaɓar fiyus ɗin da ya dace, a kuma saita na'urar kariya ta bambance zuƙar farko da haɗuwar waya.

Yawan ɗauke wuta da maidowa yana maimaita wannan girgiza, har abin da ya lulluɓe wayar ya sassauta. Shi ya sa taransifomar da wuta ke yawan yankewa a layinta takan riga sa'o'inta tsufa.