Uwargida, Duba Bakin Caja Kafin Ki Biya

Yau zancenmu a kan ɗan ramin nan ne na gindin waya, inda ake soka caja.

Da can yawancin wayoyin da ke hannun matan Yelwa bakinsu micro-USB ne, mai shiga ta fuska ɗaya kurum. Yanzu USB-C ya shigo, ko ta ina kika juya shi zai shiga. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2022, wadda ta tilasta shi a kan sababbin wayoyi daga Disamba 2024, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa daga Afrilu 2026. Har iPhone ta bi sahu tun 2023.

To, in maigida ya kawo sabuwar waya, kada ki cusa mata tsohuwar caja da ƙarfi, bakin ya lalace, kuɗin cefane su ƙare wurin mai gyara. In za ki sayi caja, tafi da wayar a gwada a gabanki. Ku kuma matan Ngaski masu aikin kifi, ku bari hannu ya bushe tukuna, don ruwa na cinye bakin.

Rigakafi dai ya fi magani. Sai wani makon.