Tara Tunani da Jera Shi Kafin a Ɗauki Alƙalami

Duk shekara idan muka zauna duba wa'azin gwaji da ɗalibai suka rubuta, akwai ciwo ɗaya da ba ya ɓacewa. Ɗalibi ya san nassi, yana da himma, rubutun hannunsa ma da kyau, amma kafin ka kai shafi na uku ka rasa inda aka dosa. Ya fara da bangaskiyar Ibrahim, ya ratsa ta kan zakka, ya taɓo tarbiyyar yara, ya ƙare da dawowar Ubangiji. In ka yi masa magana sai ya ce ai duk gaskiya ne. Gaskiya ne kam. Amma tsohuwar da ta yi tafiyar awa guda a ƙasa don ta zo sujada za ta koma gida, jikarta ta ce, "Kaka, me fasto ya faɗa yau?" ta rasa abin cewa. Wannan hasara ce, kuma a wuyanmu take.

Mun lura yawanci abin da ke jawo haka shi ne haɗa ayyuka biyu a zama ɗaya. Mutum ya zauna ran Asabar da dare, ya buɗe littafin rubutu, yana neman abin da zai faɗa, yana kuma rubuta shi a lokaci guda. Duk abin da ya fara faɗo masa shi ne na farko, wanda ya biyo baya shi ne na biyu. Tara tunani aiki ne guda, jera shi wani aiki ne dabam, kuma hali biyu suke bukata. Mai tarawa ba ya ƙin komai, mai jerawa kuwa dole ya iya zubarwa. Manomi ba ya sussuka ranar da yake yankan gero.

Akwai 'yan'uwa da sukan ce shiri irin wannan rashin dogara ga Ruhu Mai Tsarki ne, su kawo Matiyu 10:19. A koma a karanta wurin da kyau. Ubangiji yana magana ne a kan almajirin da aka kama aka kai gaban mahukunta, wanda ba shi da tebur balle kwana shida. Luka kuwa, a farkon Bishararsa, ya gaya wa Tiyofalas cewa sai da ya bi diddigin al'amuran tun daga tushe kafin ya rubuta su bi da bi. Mai Hadishi 12:9 ma ya nuna mai hikimar yana auna karin magana, yana bincike, yana shirya su. Ruhun da ke tare da mu a kan bagadi yana tare da mu ran Talata.

Bari mu duba wani misali daga ƙasar da waɗansunku za su yi aiki. Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega zai ratsa Boɗinga kafin ya kai Shagari. Kusa da Boɗinga akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato. Ƙanensa, Malam Abdullahi, a Boɗinga ya zauna a waɗannan shekaru. Hanyar bangaskiyarmu dabam take da tasu, kowa ya san wannan. Amma a sana'ar rubutu gwanaye ne, kuma maƙwabtan da za ku zauna da su sun tashi da jin karatu mai babi da fasali. In suka ji maganarmu a watse, ba za su ɗora laifin a kan daren Asabar ba.

A 1813 Malam Abdullahi ya haɗa littafinsa Tazyinul Waraƙati. Waƙoƙinsa ne na Larabci da ya yi a lokuta dabam-dabam, waɗansu tun yana saurayi yana bin yayansa yawon wa'azi a ƙasar Zamfara. Ya ajiye su shekara da shekaru, sa'an nan ya jera su bisa yadda al'amura suka faru, yana bayyana dalilin kowace waƙa kafin ya kawo ta. Da jerawar nan, tarin waƙoƙi ya zama tarihi, har yau masana suna komawa gare shi. Abu biyu ke nan a wuri ɗaya: ajiya mai tsawo, da zaɓen igiya ɗaya da za a ɗaure kayan, wato bin lokaci.

A tuna kuma a zamanin takarda ba ta da araha. Ta hamada fatake suke kawo ta, da yawa daga cikinta ƙirar Italiya. Ba a yi mata wasa. Littattafan ma ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake, ana adana su cikin gafaka. Don kada su rikice, mai rubutu yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasan wadda ya gama. Ku riƙe wannan dabara, za mu dawo kanta.

To, yaya ake tarawa? Abu na farko shi ne ƙaramin littafi da biro a aljihu, kullum. Tunani mai kyau ba ya jiran a zauna masa. Yakan zo a kan babur, ko a wurin gaisuwar mutuwa, ko cikin wata magana da wata uwa ta yi a taron zumuntar mata. Wanda ya ce zai tuna in ya isa gida, mun gwada, ba ya tunawa. Mai waya yana iya ɗaukar muryarsa, in dai zai saurara daga baya. Sai dai a kula: abin da aka gaya wa fasto a asirce ba kayan wa'azi ba ne, ko da an sauya suna. A ƙaramar ikilisiya kowa zai gane.

Sai zaman nassi. A ce an tura ka wata ƙaramar ikilisiya a yankin Shagari, kaka ta yi, ka zaɓi Rut sura 2. Ka karanta surar da ƙarfi sau uku ko huɗu, kafin ka taɓa kowane littafin sharhi. Muna nanata wannan domin wanda ya fara da sharhi, tunanin mai sharhin ne zai cika masa kai, nasa ba zai sami wurin tsira ba. Bayan haka ka ɗauki fallen takarda, ka ba kanka minti goma sha biyar, ka zuba duk abin da ya zo, ba gyara, ba sharewa, ba kunya. Zai fito kamar haka: kala, baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya rasu, Bo'aza ya gai da masu girbinsa da sunan Ubangiji, dokar da ke Littafin Firistoci 19:9-10 ta hana mai gona kwashe komai, ya ja wa samarinsa kunne kada su taɓa ta, tsadar gero bana, ta ci ta ƙoshi har ta rage wa surukarta, ya ce a riƙa zare mata daga dammuna da gangan, kakar mahaifin sarki Dawuda ce, yawancin mutanena ma baƙi ne a garin nan. In rijiyar ta ƙafe, ka yi mata yasa da tambayoyi. Wa ke magana, da wa? A ina, da wane lokaci? Don me ya yi haka? Me zai faru da bai yi ba? Tambayar da ta fi kowace haihuwa a wurinmu ita ce: mene ne a nassin nan da ya ba ni mamaki, ko ya dame ni? Yanzu ne lokacin buɗe littafin sharhi, ka ƙara abin da ka samu, ka gyara inda ka yi kuskure.

Daga nan ka tashi. Ka bar takardar ta kwana, ko da dare ɗaya ne.

Washegari sai aikin jerawa, kuma a nan muke so ku daɗe. Ka yayyanka takarda ƙanana, kowane tunani da tasa. Ka baza su a tabarma, ka kasa su kashi-kashi yadda mai albasa ke yi a kasuwa, kowanne da danginsa. A Rut 2 wataƙila kashi huɗu za su fito: hannun Allah da ba a gani, alherin mai gona, ƙwazon Rut, da zancen zuriyar Dawuda. Amfanin 'yan takardun shi ne suna motsawa. Abin da aka rubuta a jere cikin littafi yakan zauna daram kamar an dasa shi, mutum ya ji nauyin taɓa shi. 'Yar takarda kuwa ka ɗauke ta ka mayar can, ba abin da ya ɓaci.

Sa'an nan ka tambayi kanka: in an ce in faɗi wa'azin nan duka cikin jimla ɗaya, me zan ce? Ka rubuta ta. "Alheri" ba jimla ba ce, kan magana ne kawai. Jimla ita ce irin wannan: Allah yakan ciyar da baƙo ta hannun mai gonar da ya yarda ya bar wani abu a baya. Wani lokaci jimlar nan kaɗai takan ci awa guda, kuma ba a yi hasarar awar ba. Muddin ba ta fito ba, kada ka fara rubutu, don kai kanka ba ka san abin da za ka faɗa ba tukuna.

Da jimla ta samu, ita ce mai gadin ƙofa. Kowane kashi ya zo gabanta. Zancen zuriyar Dawuda yana da daɗi, gaskiya ne, kuma kai ne ka sha wahalar tono shi. Amma ba ya yi wa jimlar nan aiki, saboda haka ya koma ambulan, zai yi amfani lokacin Kirsimati. Nan ne ɗalibai suka fi jin zafi. Mu ma mun taɓa hawa bagadi da maki tara don mun kasa rabuwa da ko ɗaya, muka sauko wani dattijo ya riƙe mana hannu ya ce, "Fasto, sannu da aiki, yau ka ba mu na wata guda." Ba yabo ba ne.

Saura wane zai riga wane. A nan dole ka ɗaga kai daga takarda ka dubi masu ji. Malam Abdullahi ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wajen 1816, ya tattaro bayanan malaman da suka gabace shi. Bayan 'yan shekaru sai ya sake fitar da wani gajere, wanda aka sani da Kifaya, domin ɗaliban da babban ya fi ƙarfinsu. Ilimin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, masu karatun ne suka bambanta. Haka kuma ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, ya zuba darasin labarin ƙasa cikin baitocin Hausa. Ya san yaron ƙasar Hausa zai riƙe waƙa a ka fiye da jerin sunaye a allo, sai ya bi da darasin ta ƙofar da ke buɗe.

Mai sauraron wa'azi ba shi da damar komawa shafin baya. In ya ɓace, ya ɓace ke nan har a yi addu'ar rufewa. Don haka a nemi tsarin da kunne zai iya bi. Sau da yawa nassin da kansa ya riga ya ba da shi. Rut 2 labarin yini guda ne: da safe ta shiga gona (aya 7), lokacin cin abinci Bo'aza ya kira ta (aya 14), da yamma ta sussuke abin da ta kalata ta kai gida (aya 17 da 18). Safe, rana, yamma. Ba tsohuwar da za ta manta da wannan. In nassin koyarwa ne, kamar wasiƙun Bulus, tambaya da amsa ta fi dacewa, ko a fara da ciwo a bi da magani. Ko wanne ka ɗauka, ka taso daga abin da mutane suka sani. A ƙasar gero ba sai ka yi wa kowa bayanin kala ba. Ka fara daga gonar da suka wuce da safen nan, sa'an nan ka kai su Baitalami.

Yanzu mu koma kan kalmar nan ta ƙasan warƙa. Bayan ka jera kashinka, ka rubuta jimla ɗaya tsakanin kowane kashi da mai bi masa, wadda za ta ɗauki mai ji daga nan ta sauke shi can. Misali: "Mun ga Rut ta fito da safe ba ta san gonar wa za ta faɗa ba, bari mu ga wanda ya same ta da rana." In ka yi ta fama jimlar haɗin ta ƙi fitowa, kada ka tilasta mata. Alama ce cewa kashin biyu ba maƙwabta ba ne, ko dai jerin ya karkace, ko ɗayansu na ambulan ne. Gwaji na ƙarshe kafin rubutu: ka kife takardun, ka faɗa wa uwargida ko wani dattijon ikilisiya tsarin duka da baki cikin minti biyu. Inda ka yi tuntuɓe, nan jama'a za su faɗi.

Wannan hanya ba ta wa'azi kaɗai ba ce. Rahoton shekara, ko takardar da za a kai wa hakimi a kan wata bukata ta ikilisiya, duk haka ne. A takardar hukuma ma jimla ɗayar ta fi muhimmanci, don mai karantawa yana da wasu takardu a gabansa, in bai ga abin da ake roƙo a sakin layi na farko ba zai ajiye ta.

Mun san za a ce ina lokaci. Mako mai lafiya, Litinin zuwa Laraba na tarawa ne, Alhamis a jera, Jumma'a a rubuta, Asabar a maimaita da baki. Amma aikin fasto ba ya bin kalanda. Za a buga maka ƙofa da asuba a ce wane ya rasu, jana'iza ƙarfe goma. Ko a ranar, kada ka haɗa ayyukan biyu. Minti ashirin ka zuba abin da ke zuciyarka game da nassin da mamacin da iyalinsa. Ka tashi ka yi wanka. Ka dawo ka rubuta jimlarka ɗaya a saman takarda, ka zaɓi abu biyu da za su tallafe ta, sauran ka bar su a aljihu ka tafi gidan makoki.