Kofin Stanley na 2010: Yadda Chicago Blackhawks ta ci kofi, ta kuma rufe ƙorafin ɗan wasanta

A daren 9 ga Yunin 2010, a birnin Philadelphia na Amurka, wani matashi mai shekara 21 mai suna Patrick Kane ya doka faifan roba cikin raga bayan minti huɗu da shiga ƙarin lokaci. Faifan ya maƙale a ƙarƙashin ragar, har 'yan kallo da dama ba su gane an ci ba sai da suka ga Kane ya watsar da safar hannunsa yana murna. Da wannan ci ƙungiyar Chicago Blackhawks ta doke Philadelphia Flyers da ci 4 da 3, ta ɗauki Kofin Stanley, wanda rabonta da shi tun 1961.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, wani bincike ya tabbatar da cewa shugabannin ƙungiyar sun shiga wannan wasan ƙarshe ne da sanin cewa ana zargin ɗaya daga cikin masu horarwarsu da neman yin lalata da wani matashin ɗan wasa, kuma sun zauna a kan maganar har sai da aka gama gasar. Ga yadda kakar ta gudana, da abin da aka ɓoye a cikinta, da kuma hukuncin da ya biyo baya.

Wane irin wasa ne, kuma mene ne Kofin Stanley?

Ƙwallon gora ta kan ƙanƙara wasa ne da ya fi karɓuwa a Kanada da arewacin Amurka da Rasha da ƙasashen arewacin Turai. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, har da mai tsaron raga, suna sulɓi a kan daskararriyar ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan roba mai tauri ake bugawa da gora. Ana yin wasan zango uku, kowane zango minti 20.

Babbar gasar ƙwararru ita ce NHL, wadda a 2010 take da ƙungiyoyi 30 a Amurka da Kanada. A lokacin kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka, sannan 16 su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Zagaye huɗu ne, kuma a kowanne sai ƙungiya ta ci abokiyar karawarta sau huɗu kafin ta wuce. Ke nan sai da nasara 16 cikin kusan wata biyu ake kai wa ga kofin. Kofin Stanley yana da al'adu biyu da suka shafi wannan labari: ana sassaƙa sunayen 'yan wasa da ma'aikatan ƙungiyar da ta ci a jikinsa, kuma ana ba su damar yini da shi ɗaya bayan ɗaya a garuruwansu.

Daga abin dariya zuwa zakara

Kafin 2007, Blackhawks ƙungiya ce da magoya bayanta suka juya wa baya. Mai ita, Bill Wirtz, ya daɗe yana hana nuna wasanninta na gida a talabijin, bisa tunanin cewa hakan zai rage cinikin tikiti. Kujeru suka zama wayam a filin United Center, har kafar wasanni ta ESPN ta bayyana ta a 2004 a matsayin ƙungiyar ƙwararru mafi lalacewa.

Bill Wirtz ya rasu a Satumban 2007, ɗansa Rocky Wirtz ya gaje shi. Ya mayar da wasannin gida talabijin, ya kuma ɗauko John McDonough, gwanin tallata wasanni, ya naɗa shi shugaban ƙungiya. Shekarun shan kaye ma sun yi rana, domin a tsarin NHL ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan teburi su ake fara ba damar zaɓar sababbin matasa. Ta haka Chicago ta samu Jonathan Toews a 2006 da Patrick Kane a 2007. A 2008 aka ɗauki Joel Quenneville a matsayin babban mai horarwa, a 2009 kuma Stan Bowman ya zama babban manaja, aka kawo Marian Hossa da kwantiragin shekara 12.

Akwai wani matsi da ya hau kan shugabannin. NHL tana ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, kuma a waccan kakar iyakar ita ce dala miliyan 56.8. Sababbin kwantiragin Toews da Kane da mai tsaron baya Duncan Keith za su fara aiki a kaka mai zuwa, don haka kowa ya san dole a rabu da wasu fitattu da zarar an gama. Ga masu tafiyar da ƙungiyar, 2010 dama ce da ba lalle ta dawo ba.

Ƙungiyar ta ci wasa 52 cikin 82, ta tara maki 112. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale ta fitar da Nashville da Vancouver, kowacce a wasa shida, sannan ta cinye San Jose sau huɗu a jere. A wasa na huɗu da San Jose, ranar 23 ga Mayu, faifai ya bugi Keith a baki ya zubar masa da haƙora bakwai, ya je aka duba shi ya dawo ya ƙarasa wasan. Labarin da jaridu suka ɗauka ke nan a ranar.

Taron ranar 23 ga Mayu

Cikin sa'a guda da tashi daga wannan wasan, manyan ƙungiyar sun taru a ofishin McDonough. Akwai McDonough da Bowman da Quenneville, da manyan jami'ai Al MacIsaac da Jay Blunk, da mataimakin manaja Kevin Cheveldayoff, da Jim Gary mai ba 'yan wasa shawara kan natsuwar tunani. Maganar da ta tara su ta shafi Brad Aldrich, mai horarwa da ke shirya hotunan bidiyon wasanni domin nazari.

Ɗan wasan da abin ya shafa shi ne Kyle Beach, ɗan Kanada mai shekara 20, wanda ƙungiyar ta zaɓa a matsayi na 11 a 2008. Yana cikin matasan da ake kira su yi atisaye tare da manya a matsayin 'yan ko-ta-kwana, ba tare da tabbacin buga wasa ba. Beach ya ce a daren 8 ko 9 ga Mayu Aldrich ya gayyace shi gidansa, ya yi masa barazanar cewa zai lalata masa makomarsa a NHL, sannan ya ci zarafinsa ta hanyar lalata. Aldrich ya shaida wa masu bincike cewa da yardar juna abin ya faru.

Waɗanda suka halarci taron sun saɓa wa juna kan ainihin abin da aka faɗa musu. Amma binciken ya tabbatar da cewa aƙalla an sanar da su zargin cewa mai horarwa ya nemi ɗan wasa da lalata ba da son ransa ba. Bowman ya shaida wa masu bincike cewa McDonough da Quenneville sun yi maganar wahalar kaiwa wasan ƙarshe da buƙatar mayar da hankali a kansa, kuma shi ya tashi da fahimtar cewa McDonough zai ɗauki mataki.

Dokar ƙungiyar ta cikin gida ta tanadi a binciki irin wannan ƙorafi nan take. Ba a yi hakan ba. Aldrich ya ci gaba da aiki da tafiye-tafiye tare da 'yan wasa har aka ci kofin. A ranar 10 ga Yuni, ana tsakiyar shagalin nasara, ya kai hannu jikin wani matashi mai shekara 22 da ke koyon aiki a ƙungiyar, ba da yardarsa ba. Washegari aka yi jerin gwanon murna a titunan Chicago, inda aka ƙiyasta mutum miliyan biyu sun fito.

Sai ranar 14 ga Yuni, mako uku bayan taron, McDonough ya kai maganar sashen kula da ma'aikata. Ranar 16 ga Yuni aka ba Aldrich zaɓi: ko a bincike shi, ko ya ajiye aiki. Ya ajiye aiki, aka rufe maganar ba tare da bincike ba. An biya shi kuɗin sallama da ladan cin gasa, an sassaƙa sunansa a kan kofin, an kuma ba shi ranarsa, ya kai kofin garinsu Houghton a jihar Michigan.

Abin da shirun ya jawo

Aldrich ya bar Chicago ba tare da wani tabo a takardunsa ba, ya ci gaba da samun aiki a harkar wasan, ciki har da jami'o'i. A 2013 ya amsa laifin lalata da wani ɗalibin sakandare mai shekara 16 a Houghton, inda yake taimakawa wajen horar da ƙungiyar makarantar. Kotu ta ɗaure shi wata tara, aka sa sunansa a kundin masu laifin lalata.

Shi kuwa Beach bai taɓa buga wasan gasar NHL ko ɗaya ba. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, daga baya ya koma Turai. A lokacin Blackhawks ta ƙara cin kofin a 2013 da 2015, ana yabon shugabanninta a matsayin abin koyi wajen gina ƙungiya.

Yadda asiri ya tonu

A Mayun 2021 Beach ya shigar da ƙara kotu da ɓoyayyen suna. Gidan rediyon WBEZ na Chicago ya fara ba da labarin, ƙungiyar kuma ta ce zargin ba shi da tushe. 'Yan jarida irin su Rick Westhead na tashar TSN ta Kanada da Katie Strang ta jaridar The Athletic suka ci gaba da tono, suna samo tsofaffin 'yan wasa da ma'aikatan da suka ce an san maganar a cikin ƙungiya. Da matsin ya yi yawa, Blackhawks ta ɗauki kamfanin lauyoyi na Jenner & Block ya yi bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Reid Schar, tsohon mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya.

An fitar da rahoton mai shafi 107 ranar 26 ga Oktoban 2021, bayan jin bayanin shaidu 139. Bai samu hujjar cewa iyalan Wirtz sun san zargin kafin a sanar da su batun ƙarar ba. A ranar Bowman ya yi murabus, MacIsaac ma ya bar aiki. McDonough dama an sallame shi tun 2020. Washegari Beach, wanda ke buga wasa a wata ƙaramar ƙungiya a Jamus, ya bayyana kansa a hirar talabijin da Westhead. Ranar 28 ga Oktoba Quenneville ya sauka daga horar da Florida Panthers, shi da ya ce a watan Yuli daga bakin 'yan jarida ya fara jin zargin. Cheveldayoff bai fuskanci hukunci ba, domin NHL ta ce muƙaminsa a lokacin bai kai na yanke shawara ba. Daga baya aka soke sunan Aldrich daga jikin kofin, a Disamba kuma ƙungiyar ta sasanta da Beach a kan sharuɗɗan da ba a bayyana ba.

Hukuncin ya yi daidai da laifin?

NHL ta ci tarar Blackhawks dala miliyan 2, rabinsu domin ƙungiyoyin da ke tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu. Masu suka sun tuna cewa a 2010, shekarar da abin ya faru, an ci tarar New Jersey Devils dala miliyan 3 tare da ƙwace mata damar zaɓar matasa, saboda ta yi dabarar kauce wa iyakar albashi a kwantiragin Ilya Kovalchuk. Daga baya an sassauta wa Devils, amma bambancin ya nuna inda hukuma ta fi kaifin ido: karya dokar kuɗi ya jawo hukunci cikin watanni, rufe ƙorafin cin zarafi kuwa ya ɗauki shekara goma sha ɗaya da ƙarar kotu da nacin 'yan jarida. Shugaban NHL, Gary Bettman, ya kare tarar da cewa al'amuran biyu ba iri ɗaya ba ne.

Tsarin ikon da ke cikin ƙungiyar ya bayyana yadda aka yi shirun ya ɗore. Beach shi ne mafi rauni a cikinta, matashi da makomarsa ke hannun masu horarwa. Mutum bakwai sun ji maganar a ɗaki ɗaya, kowa ya tashi yana ganin aikin wani ne. Sashen kula da ma'aikata, wanda ya kamata ya bincika, ya zama hanyar sallamar wanda ake zargi cikin rufin asiri. Kuma murabus ba tare da bincike ba ya kawar da matsalar daga Chicago kawai, ya kai ta wata makarantar sakandare a Michigan.

A ranar 1 ga Yulin 2024, NHL ta ɗage takunkumin da ta sa wa Bowman da MacIsaac da Quenneville, tana mai cewa sun nuna nadama kuma sun yi aiki da masu yaƙi da cin zarafi. Kafin watan ya ƙare Bowman ya zama babban manajan Edmonton Oilers. A Mayun 2025 Anaheim Ducks ta ɗauki Quenneville a matsayin mai horarwa. Sunayensu na nan a jikin Kofin Stanley ƙarƙashin kakar 2009 zuwa 2010, kusa da jerin alamun soke da aka buga a kan sunan Aldrich. Sunan Kyle Beach bai taɓa hawa kofin ba.