"Borrow" ko "lend"? Tagwayen kalmomin Turanci da ke jawo mana asara a zango

Wata ranar Asabar bayan La'asar, wani dattijo maƙwabcinmu ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi a ƙofar gida, riƙe da wata takarda da ta sha ninki har ta soma yagewa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Ticha, duba mini wannan. Bara na ba wani yaro rancen sidi 3,000 ya ƙara jari. Mun rubuta, ya sa hannu, ni kuma na dangwala yatsa. Yanzu ya fara yi mini yawo da hankali."

Na karanta layin farko sai gabana ya faɗi. Sunan dattijon ne a gaba, sannan "have borrowed", sannan sunan yaron da adadin kuɗin. Na ce, "Baba, wa ya rubuta wannan?" Ya ce, "Jikana mana, ai yana sakandare." Na ce, "To Baba, in aka kai takardar nan gaban wanda bai san ku ba, yana iya fahimtar cewa kai ne ka ci bashin."

Kalma ɗaya ce ta juya zancen. A Turanci "borrow" karɓar aro ne ko rance, "lend" kuma bayarwa. Jikan nasa ba daƙiƙi ba ne. Da Hausa ya yi tunani, ya rubuta da Turanci. Mu a wurinmu tushen kalmar ɗaya ne: na ari littafi, na ara masa littafi, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Ga shi kuma a titi kullum yana jin ana cewa "borrow me your pen", har kunne ya saba. Turanci kuwa ya raba su gida biyu, kuma a takardar bashi babu wanda zai tambaye ka abin da kake nufi. Abin da ka rubuta shi ne shaida.

Abin da kunne bai raba ba, hannu ba zai raba ba

Shekarun da na yi a aji sun nuna mini cewa yawancin irin wannan kuskure daga kunne yake farawa. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, "ai" da "au". Turancin Ingila, wanda shi ne ma'aunin makarantunmu a Ghana, yana da sautin wasali kusan 20, amma haruffa biyar kacal aka tanada don rubuta su. Yaro zai ɗauki sauti uku ko huɗu ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Shi ya sa "hat", "hut" da "heart" suke fitowa iri ɗaya a bakinsa: hula, bukka da zuciya duk sun zama abu guda.

Akwai wata ƙa'ida ta Hausa da ke ƙara dagula abin. In gaɓa ta ƙare da baƙi, dole wasalinta ya gajarce. Faɗi "gida" ka ji yadda ƙarshen yake da tsawo, sannan ka faɗi "gidan" ka ji ya tsuke. Bakinmu ya saba da haka tun muna goye. Da muka zo Turanci sai "sheep" ta koma "ship", tunkiya ta zama jirgin ruwa. "Leave" ta koma "live", "seat" ta koma "sit", "fool" ta koma "full". Ɗalibi zai rubuta wa malami cewa yana neman izini "to live the school", alhali fita yake so ya yi, ba tarewa a makarantar ba.

Baƙaƙe ma haka. Wanda ya tashi da Hausa zalla yakan haɗa "p" da "f", domin Hausa ba ta raba su: "pan" da "fan", "pull" da "full". Haka "v" da "b": "vote" da "boat". Yaranmu na Kumasi da suka tashi da Tonanci a baki ba su cika faɗawa ramin "p" da "f" ba, nasu ramin na "l" da "r" ne. Na taɓa gyara rubutun wani yaro da ya ce kullum da asuba yana zuwa masallaci "to play". Sallah yake nufi, wato "pray", amma wasa ya rubuta. Sai kuma "th", wanda kusan kowa ke mayar da shi "t" ko "s" ko "d": "three" ta zama "tree", "think" ta zama "sink", "faith" ta zama "fate", imani ya koma ƙaddara.

Shi ma Turancin da nasa laifin

Kada mu ɗora wa kanmu duka. Akwai kalmomin da ko Baturen Landan furuci ɗaya yake yi musu, sai a rubuce suke rabuwa: "meet" da "meat", "right" da "write", "night" da "knight", "there" da "their". Dalilin yana cikin tarihi. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya. A daidai wannan zamani, daga wajen 1400 zuwa 1700, furucin dogayen wasulan Turanci yana ta sauyawa. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Da can "meet" da "meat" ba furuci ɗaya ba ne, kuma ana furta "k" ɗin da ke farkon "knight". Sautin ya ɓace, harafin ya zauna.

Kafin wannan, a 1066, Normawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo. Daga nan aka samu 'yan uwan juna irin su "principal" da "principle". Wasu ma asalinsu kalma ɗaya ce aka raba. "Flour" da "flower" haka suke; har a ƙamusun Samuel Johnson na 1755 rubutu ɗaya aka yi musu. Abin dariya, mu da muka aro sai muka sake haɗe su: fulawar burodi da fulawar ado duk fulawa ce.

Sannan ga Amurka. Noah Webster ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828, rubutun Amurka ya kama hanyarsa daban. A tsarin Ingila "practice" suna ne, "practise" aikatau. Haka "licence" da "license". Amurkawa ba sa yin wannan rabon. Wayoyin da ke hannun yaranmu kuwa da yawa a kan Turancin Amurka aka saita su. Yaro yana koyon abu ɗaya a allo, wayarsa tana koya masa wani.

Inda abin yake cizo

Wani zai ce, to mene ne, ai an gane abin da ake nufi. A hira, e. A jarrabawa kuwa ba a yin wannan sassauci. A Turancin WASSCE, wanda hukumar WAEC ke shiryawa, rubutun insha'i yana da maki 50, kuma 10 daga ciki an ware su ne don tsabtar rubutu: nahawu, alamomin tsayawa da rubuta kalma daidai. Kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure 20 ya share goman nan kaf. Ga kuma jarrabawar saurare, inda za a kunna murya, ɗalibi ya zaɓi kalmar da ya ji tsakanin masu kama da juna. Wanda bai kai C6 a Turanci ba, ƙofar digiri a jami'a ta rufe masa a wannan shekarar, ko da ya yi zarra a lissafi da kimiyya. Mu a zango mun san gidajen da aka sake biyan kuɗin jarrabawa sau biyu, sau uku, saboda Turanci kaɗai.

Ni kaina ban tsira ba. Ina shekarar farko a kwalejin horon malamai na rubuta wasiƙar neman izinin tafiya gida jana'izar kawuna. A sama na rubuta "The Principle". Aka dawo mini da ita an zagaye kalmar da jan biro, ba a ce komai ba. "Principal" shi ne shugaban makaranta, "principle" kuwa ƙa'ida ce ko aƙida. Kafin in sake rubutawa a sa hannu, motar safe ta tashi. Na isa an riga an dawo daga maƙabarta. Tun daga ranar ban ƙara raina harafi ba.

A kasuwa ma haka. "Fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty": a waya, cikin hayaniyar Kejetia, bambancin 15 da 50 ɗan ƙarshen kalma ne da inda aka danna murya. Masu dabara cikin iyayenmu mata sun daɗe da gano magani, sai su ce "one-five" ko "five-zero". Wannan ba jahilci ba ne, hikima ce, kuma ya kamata mai tura kuɗi ta waya ya riƙe ta.

Kada kuma a dogara da waya ta yi gyara. Ita tana kama kalmar da babu ita a ƙamus ne kawai. In ka rubuta "loose" a wurin "lose", ko "quite" a wurin "quiet", ko "piece" a wurin "peace", shiru za ta yi, don duk kalmomi ne na gaskiya. Sau nawa muka ga sanarwar rasuwa a WhatsApp an rubuta "morning" a wurin "mourning", safiya a wurin makoki?

Maganin yana cikin allonmu

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, yaran da ake cewa ba su da kunnen Turanci su ne suka fi kowa samun horon kunne. Yaron da ya zauna gaban malamin makaranta ya san "ƙalb" zuciya ce, "kalb" kare ne, kuma ya san ba a wasa da wannan bambanci. Ya san س daban, ص daban. Harafin ث shi ne ainihin sautin farkon "think" da "three". Harafin ذ shi ne na farkon "this" da "then". Wanda ya iya jan madda a ƙarshen "amin" ya riga ya iya dogon wasali a gaban baƙi, abin da ake bukata ke nan a "sheep" da "leave". Ranar da na rubuta ث a allo kusa da "three", rabin ajin suka furta daidai nan take. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ilimin safe da na yamma suna iya taimakon juna.

Hausarmu ma cike take da irin waɗannan tagwaye, kuma ba sa ruɗa mu. Gari na zama da garin tuwo. Kukan yaro da kukar miya. Fara ta ci gero, fara aiki, farar riga. Rubutu ɗaya, amma tsawon wasali da karin murya da zancen da ke kewaye suna raba su. Sai dai mu faɗi gaskiya: mu 'yan zango da yawa mun fara sakin "ƙ" da "ɗ" da "ɓ", har kara da ƙara, bari da ɓari, daka da ɗaka suna neman zama ɗaya a bakinmu. Tunda kuma Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake jarrabawarsu a BECE, yaro ba ya samun wanda zai nuna masa wannan a rubuce. Kunnen da ya yi sakaci a harshen gida, zai yi a na waje.

Abin da nake yi a aji, wanda iyaye ma za su iya

Na farko, kowane ɗalibi yana da ɗan littafi da muke kira littafin tagwaye. Ba jerin kalmomi ɗari ake kwafa ba. Kuskuren da shi kansa ya yi shi zai shigar, da ma'anar kowace kalma da Hausa, da jimla ɗaya da ya ƙirƙira.

Na biyu, 'yar dabarar tunawa. "Loose" tana da "o" biyu, ta yi faɗi kamar wandon da ya yi wa mutum yawa. "Lose" ta yi asarar "o" ɗaya, ma'anarta ke nan, asara. "Stationery", kayan rubutu, tana da "e" irin na "envelope". "Stationary" mai "a" ita ce abin da ke tsaye. "Advice" mai "c" ita ce shawarar kanta, "advise" mai "s" ita ce ba da ita. "Lend" daga hannunka yake fita, "borrow" hannunka yake shigowa.

Na uku, shifta ta minti biyar kullum, amma a cikin jimla, domin jimla ce ke nuna wace kalma ake nufi. Uwa ko da ba ta jin Turanci tana iya sa babba ya karanta wa ƙarami, ita kuma ta duba ko an yi.

Na huɗu, duk takardar da ta shafi kuɗi, fili, haya ko neman aiki, kada a sa hannu sai mutum na biyu ya karanta ya fassara da baki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta yi maganar marubucin da zai rubuta da adalci da kuma shaidu. Shaidun nan ne suka ceci maƙwabcina.

Mutum biyu da aka yi abin a gabansu suna raye. Aka zauna a gaban limamin unguwa, yaron ya amsa cewa shi ya karɓa, aka sake takarda. Jikan nan dai na sa ya rubuta da hannunsa, ina tsaye. Da ya zo wurin sai ya dakata, ya ɗago kai ya ce, "Sa, 'lent' ne ko?" Na ce shi ne. Dattijon ya dangwala yatsa, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Ashe harafi ma yana cin kuɗin mutum."