FILIN MANOMA: In Kamfani Ya Karye, Wa Za A Fara Biya?

Jama'a manoma, a wannan mako mun ajiye zancen taki da iri, za mu yi maganar bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da yawa cikinmu su kan ɗauka manomi kullum shi a ke bi. To, ba haka ba ne. Duk wanda ya kai shanshera injin gyaran shinkafa, ko ya kai masara kamfanin abincin kaji, aka ce masa ya komo bayan mako biyu ya karɓi kuɗinsa, ai ya zama mai bin bashi ke nan. In kamfanin nan ya karye kafin ranar biya fa, ina makomarsa?

Dā, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990, abin da aka fi yi shi ne banki ya naɗa wakilinsa ya kama kamfani, ko kuwa kotu ta rushe shi a yi gwanjon kayansa. A watan Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta kawo wata hanya. Yanzu ana iya naɗa mai riƙo ya yi jinyar kamfani har shekara guda, ko Allah ya sa ya farfaɗo, kuma ana iya ƙara masa wa'adi. Muddin yana riƙo, ba mai ikon kai ƙarar kamfanin ko ƙwace abin da aka ba shi jingina, sai da yardar mai riƙon ko ta kotu. Watau ko banki sai ya dakata. Har wa yau kamfani yana iya kiran masu binsa bashi taro, ya roƙi rangwame ko jinkiri, a jefa ƙuri'a. In takardar kiran taro irin wannan ta iske ka, kada ka ƙi zuwa, gama ana iya yanke abin da zai hau kanka ba ka nan.

Lokacin da aka sa mata hannu a 2020, dokar ta kuma ce wanda ya ke bin kamfani fiye da naira 200,000, in ya kai takardar neman biya ofishinsa, mako uku ya wuce ba a biya shi ba, yana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rushe kamfanin. Dā naira 2,000 ne iyakar. Amma a lura, in akwai gardama ta gaske a kan bashin, kotu ba ta karɓar wannan roƙo, sai an fara tabbatar da bashin. Sa'an nan wanda ya kai ƙarar ba ya samun fifiko wurin rabo.

To, ga yadda rabon ya ke. Wanda ya riƙe jingina a kan wani abu takamaimai, kamar filin kamfani ko gininsa, shi ne a gaba a kan kuɗin abin nan. Daga nan sai haƙƙin ma'aikata da harajin Gwamnati. Sa'an nan mai jingina a kan kayan da ke shiga suna fita, kamar buhunan da ke cikin sito. Daga ƙarshe sai irinmu, masu bin bashi ba jingina. Ga misali. A ce an sayar da kayan kamfani duka, bayan an cire kuɗin ɗawainiya aka sami naira miliyan 100. Banki ya ɗauki miliyan 70, ma'aikata da haraji miliyan 20, saura miliyan 10. Manoma da 'yan kasuwa kuwa miliyan 50 su ke bi. Ka ga kowace naira ta komo kwabo 20 ke nan. Mai bin kuɗin buhu 100 zai tashi da kuɗin buhu 20, bayan ya sha zirga-zirga.

Yanzu kuma mu juya wajen manomin da a ke bi. A 2017 an yi dokar jinginar kayan da a ke iya ɗauka, kamar shanu, da injin ban ruwa, da tarakta, da amfanin gona. Akwai rajistarsu a ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya, kuma wanda ya riga yin rajista shi ke gaba, don wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi. Wannan ta buɗe wa marar takardar fili ƙofar rance. Amma in ya kasa biya, za a aiko masa da takardar gargaɗi, bayan kwana 10 ana iya zuwa ɗaukar kayan. In an sayar kuɗi ya yi rara, rarar tasa ce, kada ya bar ta.

Tun 1 ga Agusta 2020 kuma, Babban Banki ya ba bankuna izni, in wanda ya ci bashi ya sa hannu a kan yarjejeniyar haka, su bi lambarsa ta BVN su ɗebi abin da su ke binsa daga ajiyarsa da ke wani banki dabam. Zamanin cin bashi nan a ɓoye kuɗi can ya wuce.

Batun gona da gida kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar Gwamna sai da yardar Gwamna. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina don ba a sami wannan yarda ba. Saboda haka mai karɓar takardar fili jingina ya bi hanya, in ba haka ba takarda kurum ya riƙe.

To, mene ne abin yi? Da fari, kada buhu ya sauka daga mota sai an ba ka rasit mai hatimin kamfani, da nauyi, da farashi, da ranar biya. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta yi magana. Na biyu, kada ka zuba amfanin shekara duka a hannun mai saye guda, kuma ka nemi kafin alƙalami. Na uku, sakataren ƙungiyarku ta gama kai ya sa a bincika a Hukumar Rajistar Kamfanoni ko kamfanin ya riga ya jinginar da kayansa. Na huɗu, in an saɓa maka alkawari sau ɗaya, sau biyu, kada kunya ta hana ka motsi. A Kano tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka, inda mutum ya ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Amma amfaninta sai kamfani yana da rai. In ya faɗi, sai bin layi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da rigimar bashi, amin.