Giɓin Kasafin Kuɗi a Ƙananan Makarantun Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu akwai ƙananan makarantu masu haɗa karatun addini da na zamani, waɗanda jama'ar unguwa ko kwamitin masallaci ko wani ɗan kasuwa suka kafa domin 'ya'yansu su sami ilimi ba tare da an tura su Arewa ba. Tun daga shekarar 2020 irin waɗannan makarantu suka shiga mawuyacin hali na rashin kuɗi. Akan ɗora laifin a kan rashin iya tafiyar da mulki ko ƙin biyan kuɗin makaranta, to amma idan aka duba lissafin da kyau za a ga cewa tushen matsalar yana cikin tsarin samun kuɗin shigarsu ne.

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba sabon abu ba ne. Fatauci da cinikin shanu da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 su ne suka kafa shi, har ya kai ga Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya riƙe muƙamin Magajin Garin Inugu a shekarun 1950. Sai dai kuma zama ne da ya dogara kacokan a kan kasuwa. Mahaifin ɗalibi ko dai dillalin shanu ne, ko mai sayar da albasa da tumatir da wake, ko ɗan canji, ko mai gadi, ko mai tura baro. Abin da kasuwa ta bayar shi ne abin da makaranta za ta samu.

Masana tattalin arziki sukan raba kuɗin da ma'aikata ke kashewa gida biyu: wanda ke hawa da sauka gwargwadon yawan aiki, da wanda ba ya motsi ko aiki ya ƙaru ko ya ragu. Kusan dukan abin da makaranta ke kashewa na kashi na biyu ne. Malamin lissafi zai karɓi albashinsa ko ɗalibai 40 ne a aji ko 25, haka nan mai gida ba zai rage kuɗin haya ba don wasu kujeru sun zama wayam.

A ɗauki misalin makaranta mai ɗalibai 300 da ke karɓar Naira 15,000 a kowane zango. Kuɗin shigarta Naira miliyan 4 da dubu 500 ke nan. Idan tana da malamai 15 a kan albashin Naira 50,000 a wata, za ta biya Naira miliyan 3 a wata huɗu, sannan haya da man janareto da alli da gyare-gyare su ci, a ce, Naira miliyan 1 da dubu 200. Rarar da ta rage Naira 300,000 ce. To, da ɗalibai 40 za su bar makarantar, wato kimanin kashi 13 cikin ɗari, kuɗin shiga zai ragu da Naira 600,000, abin kashewa kuwa yana nan daram, rarar nan ta koma giɓin Naira 300,000. Idan hukumar makarantar ta ƙara kuɗi zuwa Naira 17,500 don cike giɓin, wasu iyaye 30 kuma suka janye 'ya'yansu saboda ƙarin, za ta tarar har yanzu da sauran giɓin Naira 175,000, ga kuma ɗalibai sun ragu zuwa 230. An gudu ba a tsira ba.

Babbar makaranta mai ɗalibai dubbai tana iya haɗe azuzuwa ta rage malamai. Ƙarama mai aji guda a kowane mataki ba ta da wannan dama.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun taɓa ɓangarorin lissafin duka biyu. Annobar korona ta sa an rufe makarantu a watan Maris na 2020 har tsawon wata shida ko fiye, babu kuɗin makaranta amma haya na tafiya. A watan Oktoba na wannan shekara rikicin Oyigbo, kusa da Fatakwal, ya tilasta wa 'yan Arewa da dama barin wurin, kamar dai yadda tarzomar Anacha ta watan Fabrairun 2006 ta sa Hausawa tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba. Duk lokacin da irin wannan ta auku, magidanci yakan mai da iyalinsa gida, shi kuma ya dawo kasuwa shi kaɗai. Kasuwa takan farfaɗo cikin makonni, amma makaranta ta yi asarar ɗalibanta ke nan.

Daga ranar 9 ga Agustan 2021 kuma ƙungiyar IPOB ta ƙaddamar da zaman gida na kowace Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, wanda aka shafe shekaru ana fama da shi a Anacha da Inugu. Rana ɗaya cikin ranakun ciniki shida ta kusa kashi 17 cikin ɗari na mako, kuma ga mai sayar da kayan gwari asarar ta fi haka, domin tumatir ba ya jiran Talata.

Ta fuskar kashewa kuwa, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 1,000 a watan Oktoban 2024, yayin da hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara. A watan Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, don haka yawancin waɗannan makarantu ba ta shafe su a rubuce ba, amma ta shafe su a aikace: malamin da ya ga mai tuƙa keken haya ya fi shi samu ba ya buƙatar doka kafin ya ajiye alli.

A nan ne abin ya fi ban takaici. Gwamnati tana cike giɓinta da rance, kamfani kuma da jari ko bashin banki. Ƙaramar makarantar unguwa ba ta da kadarar da banki zai karɓa jingina, saboda haka takan cike nata giɓin da jinkirta albashi. Wato malamin da ake bi wata biyu ko uku shi ne ya ranta wa makarantar kuɗi, ba da son ransa ba, kuma ba riba. Wannan bashi sau da yawa ba ya fitowa a littafin ma'aji, shi ya sa makaranta kan yi kamar tana tsaye har ranar da malamai uku za su tafi a mako guda.

Ba Najeriya ce kaɗai ke ganin irin wannan ba. A Amurka, ƙananan kwalejoji masu zaman kansu da ke koyar da adabi da tarihi da kimiyya sun faɗa cikin wannan lissafi, inda gasar neman ɗalibai ta sa suke yafe fiye da rabin kuɗin da suka rubuta a takarda ga sababbin shiga. Kwalejin Green Mountain ta Jihar Vermont, wadda aka kafa a 1834, ta rufe a 2019. Kwalejin Birmingham-Southern ta rufe a watan Mayun 2024 bayan ta nemi rance daga Jihar Alabama ba ta samu ba. Ita kuwa Sweet Briar ta Jihar Virginia, kwalejin mata zalla, ta ba da sanarwar rufewa a watan Maris na 2015 duk da tana da asusun wakafi na fiye da dala miliyan 80, sai tsofaffin ɗalibanta suka kai ƙara kotu, suka tara miliyoyin daloli, suka hana rufewar. Abin da ya raba wadda ta tsira da waɗanda suka faɗi shi ne samun wata hanyar kuɗi da ba ta aljihun iyaye ba.

Irin wannan hanya ce makarantun unguwannin Hausawa suka rasa. Asusun hukumar ilimin bai-ɗaya, wato kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya bisa dokar 2004, na makarantun gwamnati ne. Asusun TETFund da rancen ɗalibai na dokar 2024 su ma manyan makarantun gwamnati suka shafa, don haka ko makarantar unguwa ta girma ta zama kwalejin horon malamai ba za ta ci moriyarsu ba. Makarantun mishan, waɗanda Gwamnatin Anambra ta mayar wa majami'u fiye da 1,000 daga cikinsu a 2011, suna da majami'a a bayansu, gwamnati kuma ta ci gaba da biyan albashin malamansu. A Arewa, jihohin Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. A Ribas da Anambra da Inugu kuwa sai dai gudummawar ranar Juma'a da ta watan azumi, wadda ke fitowa daga kasuwar da kuɗin makarantar ke fitowa, ta kuma yi ƙasa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Saboda haka gudummawar da za ta yi amfani ba ta sabon fenti ko ƙarin aji ba ce, domin kowane sabon aji sabon albashi ne. A misalin da ya gabata, shaguna biyar na wakafi da kowanne ke kawo hayar Naira 180,000 a shekara za su ba da Naira 900,000, daidai da giɓin zango uku. Bisa yadda tarzoma ke cinye dukiyar baƙi, hikima ita ce wasu daga cikin shagunan su kasance a Kano ko Katsina, inda zaman gidan Litinin da rikicin kasuwar Anacha ba za su taɓa hayarsu ba. Haka nan makarantu biyu masu ɗalibai 150 a layi guda, kowacce da shugabanta da janaretonta da hayarta, za su rage kashe kuɗi sosai idan suka haɗe, ko da yake wanda ya san siyasar kwamitocin unguwa ya san cewa samun shagunan ya fi wannan sauƙi.