Kirim Mai Sanyi da Fuskar da Hunturu Ya Kama

Da zarar Nuwamba ta kama, iska ta juyo daga arewa maso gabas, fatar mutanen Maraɗi ce ke fara sanar da shigowar hunturu. Leɓe ya tsage, kumatu su yi furu-furu, gefen hanci ya riƙa saɓa, diddige ta yi faso. Mai garka a Jiratawa da ke sammakon ba zogale ruwa, da ɗan kabu-kabun da ke yini tsakanin Tibiri da cikin gari, da amaryar da ko zaure ba ta leƙawa, babu wanda iskar ke ƙyalewa. A wannan lokaci ne kasuwar masu kayan shafe-shafe take buɗewa, kuma cikin kwalaben da suke jerawa akwai wani farin kirim mai kauri da aka rubuta wa Cold Cream a jiki, wato kirim mai sanyi. Da yawa suna saye ba su san aikinsa ba. Wasu sun ɗauka maganin ƙuraje ne, wasu suna jiran ya ƙara musu haske, wasu kuma su lafta shi da hantsi su shiga rana. Ni a ganina aikin wannan kirim biyu ne rak: ya ɗebe datti, ya tsare damshin fata. Kuma a ƙasa irin tamu amfaninsa ya rataya ne ga sanin lokaci, wane wata a shekara, wace sa'a a yini.

Haɗin ya daɗe ƙwarai. Ana jingina shi ga Jalinusu, likitan nan Bagirke da aka haifa a garin Fargamon a shekara ta 129 miladiyya, wanda ya yi wa sarkin Rum Markus Oreliyus aiki, kuma wanda Hunainu ɗan Ishaƙa ya fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Kayan haɗin uku ne: kakin zuma, da man zaitun, da ruwa, a narkar da kakin cikin man, a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana burgawa har su kama juna. Har yau a farmasin ƙasashen da ke bin tsarin Faransa ana samun sa da sunan Cérat de Galien, inda man almon ya maye gurbin zaitun, aka sa ruwan wardi da ɗan sinadarin boras don kada haɗin ya tsinke. Kamfanin Pond's na Amurka ya fito da nasa a 1907, sannan Nivea, wanda danginsa ne na kusa, ya fito daga Hambug ta Jamus a 1911. Yawancin na zamani da farin man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur ake yin su, domin shi ba ya saurin lalacewa kamar man tsirrai. Abin lura shi ne tsarin haɗin: mai ne ya fi yawa, ruwan kuwa ƙananan ɗigo ne a ɓoye cikinsa. Idan aka shafa, ruwan ya bi iska, sai a ji sanyi-sanyi a fuska, kamar yadda ruwan randa ke yin sanyi saboda damshin da ke tsatsowa ta jikinta iska tana kwashewa. Abin da ya rage bisa fata shi ne siririn shimfiɗin mai da kaki.

Kafin a gane amfanin wannan shimfiɗi sai an san abin da hunturu ke yi wa fata. Saman fatar mutum wani ɓawo ne siriri ƙwarai na matattun ƙwayoyin halitta da kitse ya liƙe tsakaninsu, kuma shi ke hana ruwan jiki ficewa. Kullum ruwa kaɗan yana fita ta nan, amma idan iska ta bushe fitar takan ƙaru. Iskar hunturu kuwa daga hamada take, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, gurbin wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda masana ke ƙirgawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar ta sauka bisa maiƙon fuska ta liƙe, mutum ya ji fuskarsa ta yi nauyi, sai ya nufi sabulu. Nan matsalar take ninkuwa. Fata lafiyayya tana da ɗan tsami, ma'auninta wajen 5 ne a sikelin da masana ke auna tsami da kanwa, sabulun gama-gari kuwa yana kai 9 zuwa 10, har da sabulun salo da ake yabo. Duk wanki da shi yana kwashe kitsen nan da ya liƙe ɓawon. A ƙara da alwala, wadda littattafan gyaran fata na Turai ba su san da zamanta ba: mai yin sabuwar alwala ga kowace salla, yana wanke fuska sau uku-uku, ya jiƙa ta sau 15 ke nan a yini, kuma kowane jiƙo iska ce ke busar da shi, ta tafi da damshin fatar tare da ruwan. Ba ruwan alwala ke da laifi ba. Barin fuskar tsirara bayan an gama, babu abin da ya rufe ta, shi ke jawo kaushi.

To a nan ne kirim mai sanyi ya fi sabulu dacewa da dare. Mai shi ke narkar da mai, don haka idan aka murza kirim ɗin a fuska, hoda da kwalli da jan-baki da ƙurar da ta cuɗe da maiƙo duk sai su saki su shiga cikinsa, a share su tare, ba tare da an kankare fatar ba. Yadda ake yi ba shi da wuya. Bayan sallar isha'i, a wanke hannu, a ɗebo kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a ɗiɗɗiga a goshi da kumatu da haɓa, a murza a hankali da kan yatsu na kamar minti ɗaya, sannan a tsoma tsumma mai laushi cikin ruwa mai ɗumi, a matse, a share. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, domin ruwan zafin da ake jin daɗinsa da sanyi yana ƙara busar da fata. Mai busasshiyar fata zai iya ƙara ɗan mitsitsi bayan sharewa, tun fuskar tana da ɗan damshi, ya kwana da shi. Tsumman kuma a wanke shi kullum a shanya a rana, kuma kowa da nasa. Da safe ruwa zalla ya wadatar ga mafi yawan mutane.

Tambayar da mai kula da addini zai fara yi ita ce: shin wannan kirim ba zai hana ruwan alwala taɓa fata ba, tunda har kaki ke cikinsa? Tambaya ce mai tushe, bai kamata a yi mata amsar ganganci ba. Malaman fiƙihu sun bambanta abu mai jiki, wanda ke daskarewa ya yi shamaki kamar fenti ko dunƙulen kaki, da saurar maiƙon da fata ta riga ta sha wanda sheƙinsa kawai ya rage. Na farko dole a gusar da shi kafin alwala, na biyu kuwa ba ya hana ta inganta. A mazhabar Malikiyya da muke bi cuɗawa ma farilla ce, hannu yana bin ruwa bisa gaɓa. Saboda haka wanda ya shafa kaɗan bayan isha'i, ya share, ya kwana, kafin asuba babu wani shamaki da ya saura. Wanda ke da matsala shi ne mai laftawa da rana har farinsa ya fito, kuma shi wannan ko ta fuskar lafiyar fata kuskure yake yi. Dalilin addini da na likitanci sun haɗu ke nan a wuri guda, duka biyun dare suka nuna, kuma kaɗan.

Wani zai ce, mu da muke da man kaɗanya, ga man shanu, ga basilin a kowane kanti, me ya kai mu sayen kirim ɗin kamfani? Wannan magana tana da gaskiya fiye da yadda masu talla za su so a faɗa. Wajen tsare ruwa a fata babu kamar basilin, wanda Robat Cisburo ya yi wa rajista a Amurka a 1872. Likitocin fata suna cewa yana rage fitar ruwa da kusan kashi 98 cikin 100, abin da kirim mai sanyi bai kai ba. Man kaɗanya mai kyau ma yana laushi da fata, kuma iyayenmu ba su yi wauta ba da suka riƙe shi. Gidan da kuɗinsa bai kai ba, bai rasa komai ba idan ya tsaya ga waɗannan, musamman ga leɓe da hannu da diddige. Bambancin yana wurin wankewa da nauyi. Basilin yana rufewa ne kurum, kuma idan aka fita da shi cikin hazo ƙura yake tarawa. Man shanu yana saurin yin wari. Kirim mai sanyi, saboda ruwan da ke cikinsa, ya fi sauƙin bazuwa da sharewa, shi ya sa ya fi su dacewa da aikin goge fuska. Mai yin kwalliya kullum ita ta fi kowa cin ribarsa.

Sai batun ƙuraje, kuma a nan ba na goyon bayan masu cewa kowa ya shafa kullum, rani da damina. Fata iri-iri ce. Saurayi ko budurwa da goshinsu ke naso da maiƙo tun kafin azahar ba sa bukatar ƙarin mai. Tun a 1970 likitocin fata a Amurka, Plewig da Fulton da Kligman, suka bayyana wasu ƙananan ƙuraje da ke fesowa a goshi da gefen fuskar baƙar fata masu yawan shafa man gashi mai kauri, kuma darasin bai tsufa ba. Ga baƙar fata kuwa ƙurji ba ya tafiya shi kaɗai, yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. Mai irin wannan fata, in zai yi amfani da kirim ɗin, ya tsaya ga kumatun da suka bushe, ya share tas, kada ya kwana da shi. Haka nan lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kullum dare daidai ne. Da Afrilu da Mayu suka zo, zafi a Maraɗi ya haura digiri 40, zufa na neman hanyar fita, mai kauri bisa fuska ƙurajen zafi zai jawo. Sai a mayar da shi na goge kwalliya kawai. Da damina iska ta yi damshi, yawancin mutane za su iya rufe kwalbar har kaka ta wuce. A kuma sani cewa ba ya kare fata daga rana ko kaɗan. Mai yini a garka malfarsa ta fi masa kirim amfani da tsakar rana.

Haɗarin da ya fi duk waɗannan girma a kasuwa yake. Kayan shafe-shafe suna shigowa Maraɗi ta hanyoyi da yawa, har da hanyar Kano zuwa Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, kuma farin kirim mai kauri shi ne abin da masu haɗa man bilicin suka fi so su zuba gubarsu a ciki, domin ido ba ya bambancewa. Kirim mai sanyi na ainihi ba ya canza launin kowa. Fuskar da ta sha mai takan yi sheƙi saboda furu-furun ya kwanta, amma launinta yana nan yadda Allah ya yi shi. Idan cikin mako biyu aka ga fuska ta fi wuya da kunne haske, to akwai wani abu a ciki. Abubuwa uku aka fi sakawa: Hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana a kayan kwalliya tun 2001, wanda kuma daɗewa a kansa ke haifar da baƙaƙen tabo a kumatu masu wuyar magani, da magungunan kumburi masu ƙarfi irin su Clobetasol da Betamethasone, masu sirantar da fata, su kawo nanƙarwa, su sa makero da ƙyasfi su bazu, sai zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda ke iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta fara kwashe su daga kasuwa a 2018, kuma a 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba sun amince a Janiba cewa bayan 2025 ba a yarda da zaiba a kayan kwalliya ba ko ƙanƙani. Doka dai ba ta tsayawa a bakin rumfa ta duba wa mutum kwalba. Mai saye ya karanta jerin kayan haɗi, ko ya ba wanda ya iya ya karanta masa, kuma duk abin da aka ɗura a robar da ba ta da suna, aka ce haɗi ne na musamman, a bar wa mai shi kayansa.

Maza kuma su daina ɗauka cewa wannan zance na mata ne, domin mai babur da mai garka sun fi matar kulle shan iska, kuma fatar da ta tsage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Jarirai dai a bar su da basilin marar turare, saboda turare da boras da ke cikin wasu nau'o'in kirim ɗin ba su dace da fatarsu ba. Wanda zai fara, ya gwada kaɗan a bayan kunne ya jira kwana biyu. In ya ga ja ko ƙaiƙayi ya haƙura. Fatar da ke tsatsar ruwa, ko mai ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wurin likita za a kai ta, kirim ba zai warkar da ita ba. Kwalbar kuma a ajiye ta a inuwa nesa da murhu da taga, a riƙa ɗiba da ƙaramin cokali mai tsabta maimakon yatsa, domin duk abin da ke da ruwa a ciki ƙwayoyin cuta suna iya rayuwa a cikinsa. Ranar da aka buɗe aka tarar mai ya taso sama ruwa ya kwanta ƙasa, ko warinsa ya canza, a zubar, ko da rabi ya saura.